Tambaya da Amsa: Motar caji ko ta fetur, wacce za ta fisshe mu a Garwa, Marwa da Njamena?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Tunda bidiyon motocin caji na China suka fara yawo a WhatsApp da TikTok saƙonni suka yi min yawa akan magana ɗaya, wasu suna son saye wasu kuma tsoro suke ji, to na tsinci guda shida na haɗa masu kama da juna waje ɗaya, wanda bai ga nasa ba yayi haƙuri ya duba da kyau insha Allahu zai tarar da amsarsa a cikin ta wani.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, motata ta tsufa inaso in canza, yarona da yake Dubai yace akwai motar caji 'yar China an ɗan hau ta kaɗan zata iso min har gida akan sefa miliyan 9, ga kuma Corolla 'yar Beljiyam a Duwala miliyan 5. Shi dai yana ta matsa min in ɗauki ta cajin wai ni da gidan mai har abada. Da gaske tana da sauƙi haka ko daɗin baki ne na yaran zamani? Daga wani Alhaji, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Yaronka bai yi ƙarya ba amma rabin maganar ya faɗa maka, bari mu zauna muyi lissafi irin na kasuwa tunda kai ɗan kasuwa ne. Litar fetur a gidan mai a Kamaru tana sefa 630 kafin watan Fabrairu na 2023, aka ɗaga ta zuwa 730, da shekara ta zagayo a Fabrairun 2024 aka sake kaita 840. Corolla irin wadda kake magana in injinta lafiya lau takan sha wajen lita 8 a kilomita 100 a cikin gari, kaga sefa 6,720 kenan. Ita kuwa matsakaiciyar motar caji a wannan nisan takan ci kilowat 15 zuwa 18, in ka haɗa da ɗan abin da ke zubewa wajen caji da kuma sanyin da za ka kunna saboda zafin garin nan mu ce 20 dan kar mu yaudari kanmu. Wutar gida kuwa tana farawa daga sefa 50 kowane kilowat tana hawa har 99 gwargwadon yadda gida yake sha, kuma ka sani da zarar mota ta shiga lissafin mitarka ka bar sahun masu biyan 50, dan haka mu ɗauki mafi tsadar, 99 sau 20 bai ma cika sefa 2,000 ba. Kenan duk kilomita 100 ka tsira da wajen 4,700 a aljihunka.

To yanzu a ce daga gida zuwa kasuwa, kai yara makaranta, zuwa gaisuwa da ɗaurin aure kana cin kilomita 40 a rana, a wata 1,200 kenan, rarar da zaka samu wajen dubu 56 a wata, a shekara kusan dubu 680. Ga kuma babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa, babu kuloci, birki ma yana daɗewa saboda motar da kanta take rage gudu tana mayar da wuta cikin batir in ka ɗaga ƙafa. Wannan duk gaskiya ne kuma ba ƙaramin abu bane. Amma fa miliyan 4 ka ƙara a wajen saye, in ka raba ta da dubu 680 zaka ga sai ka kusa shekara 6 kafin kuɗinka ya dawo, kuma wannan in komai ya tafi daidai ne, batir bai baka matsala ba, wuta tana samuwa, ba ka ajiye motar wata uku kana jiran wani ɗan ƙarfe daga China ba. Miliyan 4 ɗin nan kai ka fi ni sanin abin da zata haifa in ka zuba ta a shinkafa ko atamfa tsawon shekara 6.

Abin da yake ƙarfafa gefen ta cajin shi ne bana ganin fetur zai dawo araha nan kusa. Tun da matatar SONARA ta Limbe tayi gobara ranar 31 ga Mayun 2019 tataccen mai daga waje ake shigo da shi, gwamnati kuma tana ta janye hannunta daga tallafi a hankali. Zuwa-zuwa, wato man Najeriya da ake shigo da shi ta bayan fage, da muka dogara da shi shekara da shekaru, wanda zaka tsaya bakin titi yaro ya ɗauko kwalba ya ɗora mazurari da ɗan ƙyalle ya tsiyaya maka, shi ma tun da Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023 ya daina zama abin da muka sani, kowa a Garwa ya ji a jikinsa a wancan satin. Sannan dokar kuɗi ta 2025 ta sassauta kuɗin duwan, wato kwastan, akan motoci da babura masu lantarki, sai dai babban sassaucin akan sababbi ne, dan haka kafin ka tura ko dala kasa wanda yake maka fiton kaya a Duwala ya rubuta maka nawa za a biya akan wannan motar takamaimai da shekarar da aka ƙera ta.

Shawarata Alhaji, in mota ɗaya zaka riƙe, da ita zaka je Marwa da ita zaka je ƙauye gaida su Inna, ka ɗauki Corolla hankalinka kwance. In kuwa kana da halin riƙe biyu, tsohuwar ta zauna dan doguwar tafiya, kuma gidanka akwai sola mai ƙarfi, to ta cajin zata yi maka aikin cikin gari da kyau sosai. Amma kar ka biya sai an aiko maka da takardar gwajin batir, ka karanta amsar tambaya ta biyar a ƙasa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Naga an rubuta wata tana cin kilomita 400 da caji ɗaya. Ni ma'aikaci ne iyalina suna Marwa aiki na a Garwa duk ƙarshen mako ina hanya, wani lokacin har Ngaundare. Kenan zan je in dawo da caji ɗaya? Daga wani ma'aikaci, Garwa.

AMSA: Yallaɓai kar ka gina tafiyarka akan wannan lambar. 400 ɗin da suke rubutawa sakamakon gwaji ne da ake yi a cikin ɗaki, ba lodi, ba ramuka, ba zafi, kuma gwajin da ake yi a China wanda suke kira CLTC ya fi na Turai wato WLTP kumbura lamba, mota ɗaya sai kaga a takardar China ta fi nisa. Motar caji kuma saɓanin ta fetur take, a cikin gari da tsaye-tsaye ta fi tattali, a babban titi in ka taka ta kana gudu 100 ko 110 nan take zuƙe batir. Ka ɗora iyali mutum biyar da buhun masara da na albasa a but, ka kunna sanyi a watan Afrilu rana tana dukan sama da 40, to 400 ɗin nan ka ɗauke ta 270 zuwa 300 in batirin sabo ne.

Garwa zuwa Marwa wajen kilomita 210 ne, zuwa dai zata kai ka har da ɗan saura, dawowar ce matsala. Har yau ban ga wurin caji mai sauri wanda mutum zai dogara da shi akan hanyar nan ba, irin wanda a ƙasashen da suka shirya ake tsayawa minti 30 zuwa 40 batir ya kai kashi 80, ba a garin Figil ba ba a ko'ina ba. Abin da kake da shi soket ɗin gidanka na Marwa ne, shi kuma abin da zai iya bayarwa bai wuce kilowat 2 da ɗan kai a awa ba, wato kamar kilomita 12 duk awa ɗaya, kafin ka mayar da abin da ka ƙona a hanya kana buƙatar awa 17 zuwa 18 wuta tana nan bata ƙifta ba. In ka iso daren Juma'a zaka koma yammacin Lahadi lokacin ya isa a takarda, amma kai da kake da gida a Marwa ka san yadda wuta take a bazara. Jihohinmu uku na arewa, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, duk akan dam ɗin Lagdo muke rataye, wanda aka gama tun 1982 da ƙarfin megawat 72, shekarar da damina bata yi kyau ba ruwa ya ja baya injinan basa bada ko kusa da hakan, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Solar da aka kafa a Marwa da garin Gidar mai megawat 30 in an haɗa ta taimaka ƙwarai ba za a raina mata ba, amma wutar babban dam ɗin Nachtigal mai megawat 420 tana kudu, sai an gama jona layin kudu da na arewa kafin mu ce ta zama tamu. Akwai akwatin caji na bango mai kilowat 7 da zai gama maka a awa 6 ko 7, sai dai yana son layi mai ƙarfi da waya mai kauri da mita da zata ɗauka, ba kowane gida ba.

Ngaundare kuwa ta fi wuya, wajen kilomita 275 ce kuma hawa zaka yi, Garwa tana ƙasa a kwarin Binuwai ita kuma Ngaundare tana saman tudu sama da mita 1,000, hawan dutsen nan na bayan Mbe shi kaɗai zai ci maka rabo mai tsoka a daidai lokacin da batir ya riga yayi ƙasa. A dawowa gangaren zai mayar maka da wani abu, amma sai ka isa tukunna ake maganar dawowa. Motar fetur in mai ya yanke maka a daji ɗan acaɓa zai kawo maka galan, wannan kuwa sai dai a ɗauko ta a bayan wata motar domin yawancinsu ma ba a son a ja su da igiya tayoyi suna juyawa.

Irin tafiyarka abin da ya dace da kai ita ce mai haɗi, wadda take da injin fetur da ƙaramin batir da yake caja kansa, irin Prius da Toyota take yi tun 1997, yanzu akwai Corolla da RAV4 ma masu irin wannan tsarin. Ba a jona ta a wuta sam, gidan mai zaka je kamar kowa, amma ƙaramarsu takan sha lita 4 da rabi zuwa 5 da rabi a kilomita 100, kaga ka rage kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye na kuɗin mai ba tare da ka ɗora ranka akan wutar gari ba.

TAMBAYA: In an ɗauke wuta ba sai in tada janareta in caja ba? Daga wani matashi, Kusseri.

AMSA: Zai yiwu ƙanena, ranar larura, in janaretan babba ne kuma wutarsa tsayayya ce, dan wasu motocin ƙin karɓa suke in wutar tana rawa. Amma a matsayin abin yau da kullum asara ce tsagwaronta. Ƙaramin janareta na fetur daga lita ɗaya abin da yake fitarwa wajen kilowat 2 ne, kaga kilowat 20 ɗin da zasu kai ka kilomita 100 sun ci maka lita 10, alhali motar fetur lita 8 zata sha ta kai ka. Ka sayi mota mai tsada kuma kana ƙona man da ya fi na da, ga ƙara duk dare a kunnen maƙwabta.

TAMBAYA: Sallama Malam. Ni malamar asibiti ce a Njamena, tafiyata daga gida zuwa aiki da dawowa da cefane bata wuce kilomita 25 a rana, bana fita gari da mota, in tafiya ta kama maigida ne yake kaimu da tasa. Muna da sola a gida tana ɗaukar firji da fanka da talabijin. Abin da ya ishe ni layin mai ne, ranar da aka shiga wahala sai in kwana biyu ina hawan kilando, wato acaɓa. Ya kake gani? Daga wata Hajiya, Njamena.

AMSA: Hajiya, cikin duk waɗanda suka rubuto ke ce wadda zan ce wa bismillah ba tare da ɗar-ɗar ba, domin duk sharuɗan sun haɗu a wajenki, tafiya gajera, wata motar tana gida, ga rana Allah ya hore mana ita har ta yi yawa. Kuma damuwarki a kan hanya take, Cadi tana da matatarta a Djermaya tun 2011 amma ita kaɗai ce, duk sanda aka tsayar da ita dan gyara sai gari ya ɗauki zafi layi ya miƙe, ga farashin ma an ɗaga shi a farkon 2024. Mai motar caji da solarta ba ruwanta da wannan duka.

Sai dai solar da take ɗaukar firji da fanka ba lallai ta ɗauki mota ba, nan ne mutane suke ruɗewa. Kilomita 25 ɗinki wajen kilowat 5 ne a rana. Farantin sola mai wat 500 a irin ranarmu yana bada kilowat 2 ko sama da haka kaɗan a yini, kenan faranti 3 ko 4 kike buƙatar ƙarawa saboda motar kawai, da inbata da zata iya ɗaukar aƙalla kilowat 3, gara ma 5 dan kar firji da mota su haɗu su kayar da ita. Matsalar ita ce da rana lokacin da faranti suke aiki motar tana asibiti tare da ke, in kuma kika ce da dare zaki jona ta a batiran gida to kafin ƙarfe goma sha biyu ta zuƙe su tas yara su kwana cikin zafi, kuma batiran ba zasu yi ƙarko ba. Dabarar ita ce ki mayar da ranakun hutunki ranakun caji. Mota mai batirin kilowat 40 tana ɗaukarki kwana 5 zuwa 6 cur a irin tafiyarki, Asabar da Lahadi ki jona ta tun hantsi har la'asar, ranar da kika tashi aiki da wuri ko kike aikin dare ki ƙara mata, ranar da wutar gari ta zo ita ma ki tsinta. In hakan bai isa ba sai a ƙara faranti, yanzu sun yi sauƙi akan da. A lokacin hunturu kuma a riƙa goge su akai-akai, ƙurar da take kwanciya a kansu tana cin wuta sosai.

Abu biyu dan Allah kar ki yi sakaci da su. Na farko wayar da za a ja zuwa inda motar take kwana, ta zama layi nata ita kaɗai daga akwatin wuta, waya mai kauri da soket mai kyau. Na taɓa ganin wanda ya haɗa da irin doguwar wayar nan ta kasuwa da ake jona fanka da caja, bayan awa biyu robar bakin soket ɗin tayi laushi ta koma ruwan ƙasa tana wari, in ka taɓa sai ka janye hannu, Allah ne ya kiyaye aka lura. Fanka wuta kaɗan take ja, mota kuwa awa takwas zata yi tana jan wuta iya ƙarfinta ba hutu. Na biyu a kafa miki ƙarfen ƙasa, wanda ake bugawa cikin ƙasa a haɗa shi da wayar gida, gidajenmu da yawa babu shi kuma cajar mota da dama in bata ji shi ba jar wuta kawai zata nuna ta ƙi aiki. Sai damina, kin san yadda unguwanni suke cika da ruwa a Njamena kamar yadda aka gani a 2022 da 2024, batirin a shimfiɗe yake a ƙarƙashin motar, a rufe yake ruf ɗan ruwan titi ba zai masa komai ba, amma wadda ruwa ya shanye ta kwana ciki kar a kunna ta kar a jona ta, kuma kar a ajiye ta jikin ɗaki sai masani ya duba.

TAMBAYA: Oga ni bakanike ne a Marwa shekara da shekaru. Wani ya kawo Nissan Leaf daga waje yana neman sayarwa da araha, an ce in duba ta. Me ake dubawa tunda ba inji? Kuma in irin waɗannan suka yi yawa mu ina zamu sa kanmu? Daga wani mai gareji, Marwa.

AMSA: Sannu da ƙoƙari maigida, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka sa hannu. Kafin komai, duk wayar da ka gani mai launin lemo a jikin irin motar nan kar ka taɓa, kar yaranka su taɓa, wutar da take ciki ta kai bolt 350 zuwa 400, ba irin ta batirin bolt 12 da muka saba bugawa da sifana muga tartsatsi bace, wannan kisa take yi nan take. Ka tara yaran garejinka ka nuna musu ita da yatsa yau ɗin nan.

Abin da ake dubawa batir ne, shi ne motar, shi kaɗai yakan kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta ko fiye, in ya mutu a tsohuwar mota canjinsa zai iya fin abin da motar zata yi a kasuwa. Batir kuma babban maƙiyinsa zafi, kamar dai wayar hannu da aka saba mantawa a rana, bayan wani lokaci sai kaga caji baya zama. Ita Leaf da ta fito a 2010 da batirin kilowat 24 matsalarta kenan, ba a yi mata ruwan sanyaya batir ba iska kawai ta dogara da ita, tun a 2012 masu ita a Arizona ta Amurka inda ake zafi irin namu suka fara kuka batir yana zubewa da wuri. To ka ƙiyasta ta a Marwa watan Afrilu. A allon gabanta akwai 'yan sanduna 12 a gefe masu nuna lafiyar batir, ba na yawan caji ba, ka ƙirga su, na farkon yana ɓacewa ne in batir ya rasa wajen kashi 15, in ka ga saura 8 ko ƙasa da haka tsohuwar Leaf ba zata yi maka ko kilomita 100 ba, araha bata ado ka faɗa wa mai saye gaskiya. Sauran motoci kuma ana jona musu 'yar na'urar nan da kuke karanta kwamfutar mota da ita ta nuna kashi nawa ya rage, in mai sayarwa ya ƙi a gwada to a bar masa kayansa. Kamfanoni sukan bada garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 akan batir, amma garantin da aka bayar a Dubai ko Beljiyam wa zai cika maka shi a nan in ba wakilinsu a ƙasar?

Mai son saye a yankinmu ya nemi wadda ake sanyaya batirinta da ruwa, kuma in da hali batirin ya zama irin wanda ake kira LFP, wanda BYD da wasu kamfanonin China suke sawa, ya fi jure zafi kuma ana iya cika shi ɗari bisa ɗari ba damuwa, sauran nau'in an fi so a tsaya a kashi 80. A duba bakin cajar ma, na China daban, na Turai daban, na Japan daban, a tabbata an haɗo da wayarta. A ajiye ta a inuwa ko da rumfar zana ce.

Maganar sana'a kuwa kwantar da hankalinka, Carina da Corolla da Hilux da suka cika titunanmu ba yau zasu ƙare ba. Kuma motar caji ma tana da ƙafa, taya da shokazoba da birki da sitiyari, ga ta da nauyi saboda batir, a irin hanyar Mora zuwa Kusseri taya da shokazoba zata riƙa ci fiye da sauran motoci. Amma in kana da yaro mai kai wanda yayi makaranta, ka tura shi ya koyi wutar mota da kwamfuta tun yanzu, ko masu haɗin nan da suka fara shigowa sun ishe shi aiki.

TAMBAYA: Malam mu 'yan acaɓa fa? Kullum rabin abin da na samu a mai yake tafiya. Daga wani ɗan acaɓa, Ngaundare.

AMSA: Ɗan'uwa wallahi ku ne kuka fi tsaya min a rai, dan in akwai inda lantarki zai canza rayuwar talaka a arewa to a kan babur ne kafin mota. Babur ɗinka yana shan wajen lita 3 a kilomita 100, sefa 2,500 kenan da 'yan kai, na caji kuwa kilowat 4 zuwa 5 ya ishe shi, ko a mafi tsadar wuta bai wuce 500 ba. Mai yin kilomita 100 a rana 2,000 ta rage masa kullum, wannan kuɗin cefane ne ba wasa ba, kuma batirin babur ƙarami ne faranti 2 ko 3 sun cika shi.

Cikas ɗin shi ne yawancinsu kilomita 70 zuwa 90 suke yi da caji ɗaya kuma cikawa tana cin awanni, kai kuwa da rana kake nema ba zaka zauna gadin soket fasinja suna wucewa ba. A Ruwanda da Benin da Togo yadda suka warware abin shi ne musayar batir, kamfanoni irin su Ampersand da Spiro suna da rumfuna, ka shiga da wanda ya ƙare a zare a sa maka cikakke cikin 'yan mintuna ka biya kuɗin wutar kawai, har ta kai birnin Kigali ya daina yi wa sababbin baburan haya na fetur rajista daga Janairun 2025. In babu irin wannan rumfar a garinku to sai da batir biyu, ɗaya yana kan babur ɗaya yana gida a sola, ka dawo sallar azahar ka canza. Mutum ɗaya zai masa nauyi, amma ƙungiyarku ta tasha in kuka yi adashi kuka kafa faranti a rumfarku mutum goma zasu iya raba ta, masu shagon cajin waya da sola ma ga kasuwa nan a gabansu. Kar ka sayi irin ƙananan nan masu batirin dalma da ake kawowa dan yara da 'yan aike, basu da ƙarfin ɗaukar fasinja da kaya a hawan Ngaundare kuma zafi yana kashe batirinsu da wuri. Ka tambayi mai sayarwa batirin lithium ne, kilowat nawa ne, nawa ne sabonsa in ya mutu, kuma a wane shago ake samunsa a cikin garin, sannan ka roƙi a baka shi ka gwada yini guda da fasinja kafin ka sayar da naka na fetur.

Masu tambaya akan keke mai ƙafa uku na caji da kuɗin inshora, saƙonninku sun iso, su zamu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.